Daga Ɗan Aike Zuwa Wayar Hannu: Tarihin Soyayya da Abota Daga Nesa a Ƙasar Hausa

1.0 Gabatarwa

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya halicce mu jinsi biyu, Ya kuma watsa mu a bayan ƙasa. Bayan haka, a duk inda dattawa ko malaman makaranta suka zauna a yau, da wuya a tashi hira ba a taɓo zancen wayar hannu da abin da ta yi wa samari da 'yan mata ba. Wani zai kawo labarin yarinyar da ta kafe sai ta auri wanda ba ta taɓa gani ba sai a hoto, wani kuma ya kawo na yaron da aminansa duk suna Legas ko Yamai ko Jidda, alhali bai san sunan ɗan maƙwabcinsu ba. Akasari akan rufe hirar da cewa wannan baƙon abu ne da zamani ya kawo mana.

Abin da na fahimta bayan na bi sawun al'amarin shi ne, nesa ba baƙuwa ba ce a wurin Bahaushe. Mutum ne mai fatauci da yawon almajirci da cin rani da zuwa Makka a ƙasa, saboda haka tun fil azal ya san yadda ake riƙe masoyi da amini ba tare da ana ganin juna ba. Abin da ya sauya a zamaninmu abu ɗaya ne, wato a dā kowane saƙo yana bi ta hannun wani mutum na uku wanda ya san mai aike ya kuma san wanda aka aika wa, yanzu kuwa saƙon yana isa ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Wannan maƙala za ta bi tarihin wannan mutum na uku, yadda ya yi aikinsa, da yadda ya yi ta ja da baya har ya ɓace, da abin da ɓacewar tasa ta haifar.

2.0 Zamanin Fatake da Ɗan Aike

A ƙarni na 19 ayarin fatake yakan tashi daga Kano ko Katsina ya nufi Salaga ta ƙasar Gwanja, a cikin Ghana ta yanzu, domin sayo goro. Tafiyar watanni ce zuwa, watanni dawowa, wani ma sai ya shekara bai ga gida ba. A cikin ayarin akwai samari Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari waɗanda suka baro 'yan matan da aka yi musu baiwa da su. Wanda ya so ya tuna wa budurwarsa cewa yana nan a kan bakansa, sai ya jira ayarin da ke komawa gida ya ba wani amintacce ƙwaryar goro ko turare ko tsakiya, ya haɗa da gaisuwar baki. Shi kuma wanda aka ba wa saƙon ba zai doshi yarinyar kai tsaye ba. Zai sauka a zauren gidansu ya gai da mahaifinta, a shigar da kayan cikin gida, uwa da gwaggo su gani, kafin su kai hannun mai su.

A nan ɗan aike ya yi aiki biyu. Ya kai saƙo, ya kuma ba da shaida, domin dole a tambaye shi, "Yaya ka baro shi? Yana salla? Jarin nasa yana nan ko ya karye? Ko ya yi wani auren a can?" Idan ya yi ƙarya ayari na gaba zai tona shi, don haka mutuncinsa yana ɗaure da gaskiyar abin da ya faɗa. Haka tsarin zango ya gudana a ko'ina: kowane baƙo yana da maigidan da ya sauke shi, wanda zai iya faɗar ko shi ɗan wane ne. Masanin nan Abner Cohen, wanda ya yi bincike a Sabo ta Ibadan ya kuma buga littafinsa a 1969, ya nuna cewa irin wannan amana ce ta riƙe cinikin goro da na shanu tsakanin Arewa da Kudu. Igiyar da ta riƙe ciniki ita ce ta riƙe neman aure.

Masu ilimi kuwa suna da alƙalami da tawada. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano wajen 1858, ya zauna a Salaga, ya kuma rasu a Kete Krachi a 1934, ya rubuta littafi sukutum da Larabci a 1877 a kan ƙa'idojin rubuta wasiƙa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna matsayin wasiƙa a wurin mutanen hanya. Sai dai ita ma wasiƙar malami ke rubuta ta, matafiyi ya ɗauke ta, wani malamin ya karanta ta a gaban jama'a. Kunnuwa da yawa sun ji ta kafin ta isa zuciyar da aka nufa. Haka alhazan da suka bi ta Chadi da Sudan a ƙasa, suka yi shekaru a hanya, suka riƙa aiko da labari ta bakin masu dawowa.

Ta ɓangaren abota, littafin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta tattara daga bakinta a 1949 da 1950, ya adana mana yadda ƙawance yake a tsakanin mata. Yarinya takan zaɓi ƙawarta a ƙulla abin da sanin iyaye, su riƙa yi wa juna biki a aure da suna. Idan aure ya kai ɗaya wani gari mai nisa ƙawancen bai mutu ba, sai gudunmawa ta riƙa tafiya a hannun 'yan'uwa da 'yan kasuwa. Dalili ke nan Bahaushe ya ce zumunta a ƙafa take, ko ƙafarka ko ta wanda ka aika.

3.0 Zuwan Boko da Gidan Waya

Bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903 suka shimfiɗa wayar tangaraho, suka buɗe ofisoshin aika wasiƙu waɗanda har yau muke kira gidan waya. Kalmar "waya" da yaranmu ke riƙe da ita a hannu daga wancan ƙarfen da aka ja a kan turaku ta samo asali. Layin dogo ya iso Kano a 1911, tafiyar da ake yi a makonni ta koma ta kwanaki, buhun wasiƙu ya shiga jirgi tare da gyaɗa da fata. A lokacin yaƙin duniya na biyu samarin Arewa da aka kai Bama suka riƙa aiko da takardu daga ƙasar da iyayensu ba su taɓa jin sunanta ba.

Kan sarki da ambulan su ne suka fara rage ƙarfin ɗan aike, domin ma'aikacin gidan waya bai san mai aike ba, bai kuma damu da halinsa ba. Amma ƙarancin masu karatun boko ya sa shaida ba ta ɓace ba. A bakin gidan waya da kotu da kasuwa akwai malaman wasiƙa da teburinsu, ana faɗa suna rubutawa, wani lokaci ma su gyara wa saurayi maganarsa idan ta yi rashin kunya. A ƙauye kuwa adireshin kowa ɗaya ne, ko ta hannun hedimasta ko ta hannun dagaci ko malamin asibiti.

Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a watan Janairun 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, ta koya wa mutane cewa mutum zai iya rubuta ra'ayinsa wanda bai san shi ba ya karanta. Sai yaƙi da jahilci na shekarun 1950 ya zo da jaridun larduna irin su Sodangi ta Kano, Himma ta Katsina, Zaruma ta Sakkwato da Bazazzaga ta Zariya, manya suka iya haɗa baƙi. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 shi ne ya kai karatu kusan kowane gida. Daga nan saurayi ya iya rubuta tasa wasiƙar, budurwa ta iya karanta ta ita kaɗai. Duk da haka sai an nemi ƙanwa ko ƙawa ta kai, a ba ta ɗan abin alewa, kuma duk wanda ya san gidan Bahaushe ya san abin da ƙanwa ta sani ba ya kwana uku uwa ba ta sani ba. A makarantun kwana na 'yan mata kuwa wasiƙa takan bi ta ofishin shugaba, a buɗe a duba kafin a miƙa.

Makarantun kwana da jami'o'i da shirin bautar ƙasa da aka kafa a 1973 sun haifar da wata sabuwar abota, ta mutanen da suka zauna tare 'yan shekaru sa'an nan aka watse. Mu da muka yi zamanin mun san daɗin jin an kira sunanka ranar rabon wasiƙu, mun kuma san wasiƙa takan yi mako biyu ko fiye a hanya. Wannan jira yana da amfaninsa: wanda ya rubuta cikin fushi yakan huce kafin ya sami kan sarki.

4.0 Rediyo, Kaset da Littattafan Soyayya

Abota tsakanin mutanen da ba su taɓa haɗuwa ba, wadda ake ɗora wa intanet a yau, rediyo ne ya fara kawo ta. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki a 1957, Rediyon Kaduna a 1962, Muryar Jamus ta fara Hausa a 1963, Muryar Amurka a 1979. Shirin Zaɓi Sonka na Rediyon Kaduna ya zama dandalin samari da 'yan mata na duk inda Hausa ta kai. Mutum zai sayi kati ya jera sunayen waɗanda yake gaisarwa, a karanta a iska, wani a Maraɗi ko Kumasi ko Garwa ya ji. Idan aka yi ta jin wani suna da laƙabinsa, sai wata rana a saka shi a cikin gaisuwa, shi ma ya rama. Ta haka aka kafa ƙungiyoyin masu saurare, suka riƙa kai wa juna ziyara gari zuwa gari, suna halartar bukukuwan juna, har aure ya shiga tsakanin wasu.

Abin lura shi ne wannan dandali a sarari yake. Gaisuwar da saurayi ya aika wa budurwa mahaifinta ma yana iya jin ta a rediyonsa, saboda haka kowa yana auna bakinsa. Idan kuma za a kai ziyara ƙungiya ce ke karɓar ƙungiya, a sauke baƙo a gidan da aka sani.

A shekarun 1980 rikoda ta yawaita, sai aka shiga aika wasiƙar kaset. Wanda ke Jidda ko Legas ko Abidjan zai ɗauki muryarsa, ya gai da kowa da sunansa, ya ba alhaji ko direba ya kawo, a taru a tsakar gida a saurara. Idan akwai saƙon budurwa a ciki, a dunƙule yake cikin kunya, don mai magana ya san surukai za su ji.

A daidai wannan lokaci ne littattafan soyayya suka ɓullo. So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed ya fito a 1980, Budurwar Zuciya na Balaraba Ramat Yakubu a 1987, sai In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a farkon shekarun 1990, daga nan kasuwar ta buɗe. Waɗannan littattafai sun ba matasa kalmomin da a dā kunya ba ta barin a furta, har ɗalibai suka riƙa kwafar salon wasiƙun da ke ciki suna aika wa juna. An yi ta muhawara a kansu a jaridu, kuma a 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta Jihar Kano ta ƙona wasu daga cikin irinsu a bainar jama'a. Ƙonawar ba ta hana karatu ba, domin a daidai lokacin abin da ya fi littafi saurin isa ɗakin yarinya ya riga ya shigo gari.

5.0 Shigowar Wayar Salula

Kafin 2001 layukan tarho da ke aiki a duk Nijeriya ba su kai rabin miliyan ba. Wanda ke son magana da na nesa sai ya je ofishin NITEL ya bi layi, ko ya roƙi alfarma a gidan mai hali, ya yi magana a falo mai gida yana zaune. A watan Janairun 2001 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta yi gwanjon lasisin wayar salula, a watan Agusta kamfanonin Econet da MTN suka fara aiki. Da farko abin na masu kuɗi ne, layi kaɗai yana kai Naira dubu 20 ko fiye, kira kuma Naira 50 a minti ɗaya ko da gaisuwa kawai aka yi. Talaka sai ya je wurin masu lema a bakin titi ya biya ya kira, mai lemar yana jin duk abin da ya faɗa. Zuwan Glo a 2003 da lissafin daƙiƙa ya karya farashi, ƙananan wayoyi masu araha suka cika kasuwanni irin su Farm Centre ta Kano. Ya zuwa 2012 layukan da ke aiki sun haura miliyan 100.

Matasa suka ƙirƙiro nasu ladubban. Filashin ɗaya yana nufin "ina tunaninki", biyu yana nufin "kira ni". Katin waya ya shiga cikin toshi, daga baya ita kanta wayar ta shiga, har ta kai ana auna saurayi da irin wadda ya saya. Amma abin da ya fi girgiza tsohon tsari shi ne kiran dare na kyauta da kamfanoni suka fito da shi a tsakiyar shekarun 2000, daga bayan ƙarfe 12 na dare zuwa gab da asuba. A al'adarmu zance yana da wuri da lokaci: ƙofar gida ko zaure, bayan isha'i, saurayi da abokinsa, budurwa da ƙanwarta, idan dare ya yi a aiko a ce ta shigo. Kiran dare ya ɗauke zance daga zaure ya kai shi ƙarƙashin bargo, a lokacin da duk mai tsawatarwa yake barci. Malaman da suka koyar a manyan azuzuwan sakandare a waɗannan shekaru, ni ma ina cikinsu, sun ga sakamakon a idon ɗalibai, domin darasin farko na safe ya zama lokacin gyangyaɗi. A ganina a nan ne mutum na uku ya fita daga tsakani gaba ɗaya.

6.0 Intanet a Tafin Hannu

Wayar salula ta haɗa waɗanda suka riga suka san juna, ko aƙalla suka sami lambar juna. Intanet kuwa ta haɗa mutum da wanda bai taɓa sanin akwai shi ba. Wajen 2010 zuwa 2013 manhajar 2go, wadda aka ƙirƙira a Afirka ta Kudu, ta mamaye wayoyin ɗalibai saboda tana aiki a ƙaramar waya da kuɗi kaɗan. Ana shiga da sunan da aka ga dama da hoton da aka ga dama. Daga nan aka koma Facebook, wanda ya saka Hausa cikin harsunansa a 2016, sai WhatsApp da Instagram da TikTok. Saƙon murya na WhatsApp ya dawo da wasiƙar kaset a sabuwar riga, ya kuma buɗe ƙofa ga wanda bai yi boko ba, sai dai wannan karon ba a tsakar gida ake saurare ba, a kunne ɗaya ne.

Alherin da aka samu ba ƙarami ba ne, kuma adalci ne a faɗe shi. Amaryar da aka kai Fatakwal tana ganin fuskar mahaifiyarta kullum. Tsofaffin ɗalibai da suka rabu shekara 30 sun nemo juna, suna tara wa marar lafiya kuɗin magani da marayun abokansu kuɗin makaranta. Lokacin kullen annobar korona a 2020, da lokacin da aka rufe iyakar Nijeriya da Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris ɗin 2024, waya ce ta riƙe dangin da ke Katsina da Maraɗi, da Daura da Damagaram. Ɗaliban da yaƙin Sudan ya koro gida a 2023 ta waya suka ci gaba da jin labarin abokan karatunsu. Zawarawa da masu lalurar da ke hana su fita, waɗanda a dā sai an yi musu hanya, sun sami damar a san da su. An kuma yi aurarrakin da suka ɗore, har da wanda jaridu suka yi ta yayatawa a 2020, na wani matashi a Kano da wata Ba'amurkiya da suka haɗu a Instagram, wadda ta tako har Kano ta gana da iyayensa watanni kafin a ɗaura.

Sharrin kuma daga wuri ɗaya yake fitowa, wato rashin mai shaida. Namiji yakan shiga da sunan mace, magidanci ya ce shi saurayi ne, marar aiki ya ari mota ya ɗauki hoto. Akwai masu tatsar kuɗi da sunan so, akwai masu karɓar hoton yarinya cikin amana, ranar da aka ɓata su mayar da shi makamin barazana. A watan Yulin 2012 ƙasar nan ta girgiza da labarin wata ɗaliba mai karatu a Jihar Nasarawa, wadda wasu da ta sani ta Facebook suka yaudara zuwa Legas suka kashe ta a otal, kuma a 2017 kotu ta yanke wa biyu daga cikinsu hukuncin kisa. Gwamnati ta yi nata ƙoƙarin da rajistar layuka da dokar laifukan intanet ta 2015 da haɗa layi da lambar ɗan ƙasa tun daga ƙarshen 2020. Amma duk waɗannan suna taimakawa ne wajen kama mai laifi bayan ya aikata. Ɗan aiken dā kafin a afka yake magana.

Akwai kuma wata asarar da ba ta kai ga kotu. Masu iya magana sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, fuskar da ke cikin waya kuwa an zaɓe ta an gyara ta. Mutum biyu za su shekara suna hira dare da rana, kowa ya san kalar da ɗan'uwansa ya fi so, amma ita ba ta san yadda yake yi wa mahaifiyarsa magana ba, shi bai san yadda take idan ranta ya ɓaci ba. Waɗannan su ne abubuwan da aure ke tsayawa a kansu, kuma maƙwabta da abokan sana'a da limamin unguwa ne suka san su.

7.0 Lokacin da Aka Katse Layi

Tarihi ya ba mu wata 'yar jarrabawa da ta nuna cewa tsohon tsarin bai mutu ba. A watan Mayun 2013 an katse layukan waya a Borno da Yobe da Adamawa saboda dokar ta-ɓaci, haka kuma a watan Satumban 2021 an katse su a Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna saboda matsalar 'yan bindiga. Cikin 'yan kwanaki mutane suka koma tasha suna ba direbobi wasiƙu da saƙon baki, wasu kuma suka riƙa yin doguwar tafiya zuwa garuruwa irin su Funtuwa don kawai su buga waya. Wanda aka san gidansu da danginsa an sami hanyar jin lafiyarsa. Wanda kuwa lamba kaɗai aka riƙe tasa, da layi ya ɗauke sai ya zama kamar ba a taɓa yin sa ba. Wannan ya isa ya zama ma'auni: duk alaƙar da ba ta da wata igiya sai layin waya, ba ta gama ƙulluwa ba.

8.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa kowane zamani ya zo da nasa abin aike, goro da takarda da kati da kaset da waya, kuma kowanne an yi masa ƙorafi a lokacinsa. Wanda ya rubuta wasiƙa a ɓoye a 1975 shi ne kakan da ke faɗa a kan waya a yau. Ƙwace waya ko fasa ta bai fi ƙona littafi amfani ba, domin ƙawa tana da tata.

Abin da nake ganin ya rage mana shi ne mu mayar da mutum na uku wurinsa. Uwa da gwaggo da yaya su zama waɗanda yarinya za ta iya gaya wa cewa wani yana yi mata magana ba tare da an rufe ta da duka ba, domin wadda ta san za a dake ta ɓoyewa za ta yi. Duk wanda ya fito ta waya a ce masa ya turo magabatansa, kuma a yi masa binciken da ake yi wa kowa, har ma fiye. Ita kanta wayar ta sauƙaƙa wannan, don a yau babu garin da za a rasa ɗan'uwa ko tsohon abokin karatu ko sarkin Hausawa da za a kira a ce ya je ya gano gidan su wane. Kada a bari yarinya ta yi tafiya don ganin wanda ba a sani ba, shi ne zai zo, a zaure za a gan shi. Malaman makaranta kuma, musamman masu koyar da Hausa da addini da zamantakewa, suna da damar su koya wa ɗalibai wannan tarihi, su nuna musu cewa abin da aka tura ba ya dawowa, su kuma tambaye su tambayar da kakanninsu ke yi wa fatake: wa ya san shi?

Ina kuma kira ga hukumomin tarihi da al'adu da su tattara tsofaffin wasiƙu da katunan gaisuwa da kaset-kaset da ke cikin adakokin iyayenmu, da izinin masu su, tun kafin gara da zafi su gama da su, domin su ma tarihi ne kamar takardun sarakuna. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya haɗa kowa da abokin zama nagari, na kusa ne ko na nesa, amin.